Amsoshin Wasiƙunku: Ina Fadar Kaduna, Ina Kuma Ganuwarta?

 

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Unguwar Shanu, nan cikin Kaduna. Ya ce shi mai kallon finafinan Indiya ne, kuma yakan ga manyan fadoji da ganuwoyin dutse a bisa tsaunuka, har an gaya masa wasunsu a wani birnin sarauta suke mai suna Jaifur. Ga shi kuma surukansa za su zo masa daga Maraɗi bayan Sallah, yana so ya zaga da su su ga gari. Tambayarsa ita ce: mu nan Kaduna ina fadarmu, ina ganuwarmu? Ko kuwa ba mu da abin nuna wa baƙo sai kasuwa da gada?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma mun san ba kai kaɗai take damu ba. Amsar a taƙaice ita ce, Kaduna garin mulki ne, ba birnin sarauta ba. Fadar da kake nema da ganuwar duk suna nan, amma a Zariya, kimanin kilomita 80 daga inda kake zaune. Sai dai akwai magana a kan halin da suke ciki, kuma za mu zo kanta. Gyara zama ka sha bayani.

DA FARKO, JAIFUR ƊIN

Jaifur shi ne babban birnin jihar Rajastan a arewa maso yammacin Indiya. Wani sarki mai suna Sawai Jai Singh na Biyu ne ya kafa shi a shekarar 1727. Kafin nan kakanninsa a Amba suke zaune, wani gari a kan tsauni kimanin kilomita 11 daga wurin, inda aka fara gina babbar fadarsu ta dutse a 1592. A cikin birnin kuma akwai wani gini da ake kira Hawa Mahal, wato fadar iska, wanda aka gina a 1799 da ƙananan tagogi har 953, domin matan gidan sarki su riƙa kallon abin da ke gudana a titi ba tare da an gan su ba. A shekarar 2019 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

A nan ina so ka lura da abu ɗaya. In muka bi lissafin da ya sa sarautar Bakwa Turunku a wajen 1536, to ranar da aka aza harsashin Jaifur, Zariya ta kusa shekara 200 tana zaune da sarautarta. Gidan Rumfa na Kano ma ya fi haka tsufa, domin Sarki Muhammadu Rumfa ya yi mulki ne daga 1463 zuwa 1499. Ke nan ba daɗewa suka fi mu ba. Abu biyu ne ya bambanta mu: su da dutse suka yi gini, mu da ƙasa; sa'an nan su sun ci gaba da kula da nasu. Har gobe zuriyar sarkin Jaifur suna zaune a wani sashe na fadar, an kuma mai da wani sashen gidan kayan tarihi, baƙi suna biyan kuɗi su shiga.

ME YA SA KADUNA BA TA DA GANUWA?

Kafin zuwan Turawa, nan inda muke ƙauyuka ne na Gbagyi da sauran manoma da makiyaya a bakin kogi, a cikin ƙasar Zazzau. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin saboda ruwa da kuma hanyar jirgin ƙasa, aka taso da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a shekarar 1917. Sunan garin kuwa, abin da aka fi sani shi ne daga kadoji ya samo asali, wato kadduna, saboda yawansu a kogin.

To, ita ganuwa don tsaro ake yin ta. A zamanin mashi da kibiya da doki, gari mai katanga da rami a bayanta ya fi ƙarfin mahara. Amma a 1903 igwar Turawa ta fasa ƙofar Kano, daga nan kowa ya gane zamanin ganuwa ya wuce. Saboda haka da aka zo kafa Kaduna, ba wanda ya yi zancen katanga. Bariki aka gina, da ofisoshi, da gidajen ma'aikata, da tashar jirgi. Fada kuwa, ai gari ba ya yin fada biyu. Kaduna ta Arewa tana cikin masarautar Zazzau, hakimanta kuma Sarkin Zazzau ne yake naɗa su.

Duk da haka kada ka ce ba ka da abin nuna wa surukanka. Daga 1917 har zuwa 1967 daga nan ake juya Arewa baki ɗaya, kuma alamun wannan zamani suna nan a tsallaken arewa na kogi, ba sai ka haye gada ba.

Na ɗaya, zauren majalisa da ake kira Lugard Hall, mai babbar ƙubba. A nan Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa suke zama. Sarkin Musulmi, da Shehun Barno, da sarakunan Kano, Katsina, Zazzau, Gwandu da sauransu, duk a nan suke haɗuwa, shi ya sa manyan sarakuna suke da gidajen sauka a Kaduna. In akwai ginin da ya yi kama da fadar Arewa gaba ɗaya, to shi ne. Yanzu Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce take zama a ciki.

Na biyu, Gidan Arewa a kan titin Rabah. Nan ne gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, kuma a nan aka kashe shi ranar 15 ga Janairu, 1966. A 1970 aka mai da wurin cibiyar binciken tarihi, tana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma Farfesa Abdullahi Smith ne ya fara shugabantarta. Akwai ɗakin karatu da tsofaffin rubuce-rubuce na Larabci da Ajami, da ɗakunan nuna kayan tarihi.

Na uku, gidan kayan tarihi na ƙasa a kan titin Ali Akilu, wanda aka buɗe a 1975 a tsohon ofishin jam'iyyar NPC. A ciki za ka ga mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tonowa a kudancin wannan jiha, kuma shekarunsu sun haura 2,000. Ba nisa da nan, a Unguwar Sarki, akwai Masallacin Sultan Bello da aka gina a 1962.

Na huɗu, lambun Gamji a bakin kogi, wanda aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. A ciki akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda Lugga ya kafa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Tun 1956 gwamnati ta sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa.

Na biyar, Dandalin Murtala, tsohon filin sukuwa. Ga inda labarinmu ya haɗu da Indiyar taka. Kalmar nan daba, da muke cewa hawan daba, daga can ta zo. Asalinta darbar, wato zaman fada, kuma Turawan Ingila sun shirya manyan tarukan sarakuna da wannan suna a birnin Delhi a 1877 da 1903 da 1911. Shi kansa Lugga a Madras ta Indiya aka haife shi a 1858, ya kuma yi aikin soja a can. Hawan sallah namu ne tun kafin Turawa, amma tara sarakuna da dawakinsu wuri guda don girmama baƙo, wannan salon da sunansa daga Indiya aka kwaso. A Kaduna aka yi wa Sarauniya Elizabeth hawan daba a 1956, aka sake yi a 1959 don bikin mulkin kai na Jihar Arewa, sa'an nan a 1977 lokacin bikin al'adun baƙar fata na FESTAC. Otal ɗin Durbar da aka gina saboda wannan biki na 1977 ya daɗe a yashe, a ƙarshe aka rushe shi a 2020. Ka ga ke nan ko ginin siminti, in ba kulawa, ba ya kai labari.

SAI MU KAMA HANYAR ZARIYA

Rana ta biyu ka ɗauki baƙinka ku shiga mota a tashar Kawo. In kuna da motar kanku da isasshen lokaci, ku ratsa ta Turunku, hedkwatar ƙaramar hukumar Igabi. Nan ne mazaunin sarautar Zazzau kafin a koma Zariya. Akwai duwatsu da kufan tsohon gari, da kabarin da mutanen wurin suke cewa na Bakwa Turunku ne.

Bakwa ne tarihin baka yake dangantawa da haihuwar Amina da ƙanwarta Zariya, wadda aka ce sunanta birnin ya ci. Masana sun saɓa a kan zamanin Sarauniya Amina. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, wasu kuma sun kai ta ƙarni na 16. Abin da ba a musu a kai shi ne, sunanta ya manne wa ginin ganuwa, har ya zama a wurare da dama na ƙasar Hausa in an ga tsohuwar katangar gari sai a ce ganuwar Amina.

Ganuwar birnin Zariya, kewayenta tsakanin kilomita 14 zuwa 16 ne. Kada ka ɗauka gidaje kawai ta kewaye. A ciki akwai gonaki da kududdufai da fili, domin in abokan gaba sun yi wa gari zobe, mutane su sami abinci da ruwa, mutanen ƙauye kuma su sami wurin fakewa da dabbobinsu. Daga cikin ƙofofinta akwai Ƙofar Doka, wadda ta fuskanci Tudun Wada, da Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai, Ƙofar Jatau, Ƙofar Kibo da Ƙofar Tukur-Tukur. A da kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa, da magariba a rufe, da asuba a buɗe.

A tsakiyar birni za ku tarar da fadar Sarkin Zazzau, wadda ake kira Gidan Bakwa, kamar yadda ake ce wa ta Kano Gidan Rumfa, ta Katsina kuma Gidan Korau. Ku tsaya ku dubi zanen da ke jikin ƙofar fadar, da launukansa, da zankayen da ke bisa soro. Wannan ado na magina Hausawa ne, ba aro ba ne daga ko'ina. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya karɓi tuta ya ci Zariya. Sarkin Haɓe Makau ya yi kudu da jama'arsa, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan gari shi ne Suleja ta yau, bayan an ɗauki sunan an ba sabon babban birnin tarayya, kuma har yanzu sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. A Zariya kuwa gidaje huɗu ne suke sarauta: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Alhaji Shehu Idris na gidan Katsinawa ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020. Bayansa aka naɗa Malam Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa, sarki na 19 a jerin sarakunan Fulani. Da baƙin naka za su zo cikin kwanakin Sallah, da sun ga hawan sallah da hawan bariki da hawan daushe, abin da ba fim ɗin da zai nuna maka irinsa.

In kun fito birni, ku leƙa Wusasa a gindin dutsen Kufena. Akwai cocin St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929, bisa tsarin ginin Hausa. A wannan unguwa Janar Yakubu Gowon ya tashi. A Zariya kuma akwai kamfanin Gaskiya, tsohon gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, wadda Alhaji Abubakar Imam ya yi wa edita.

ABIN DA YA SAMI MASALLACIN JUMA'A

Yanzu mun zo kan maganar da na ce akwai ta. Daura da fada nan ne wurin Masallacin Juma'a na Zariya. An gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda wasu suke kira Muhammadu Durugu, aka fi saninsa da Babban Gwani, kuma har yau akwai unguwa mai wannan suna a birnin. Da ƙasa da azara kawai ya ɗaga ginshiƙai, ya lanƙwasa bakan gizo, ya ɗora tulluwa a sama, ba siminti ba ƙarfe. Masana gine-gine na duniya sun yi rubuce-rubuce a kansa, suna lissafa shi cikin mafi kyawun ginin ƙasa a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabon gini na zamani.

Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar la'asar, wani sashe na masallacin ya rufta a kan masallata. Mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya, wasu suka ji rauni. Allah ya jiƙansu da rahama. Daga baya aka kafa asusun sake gina masallacin. Saboda haka wanda ya je yau ba zai tarar da abin da iyayenmu suka gani ba. Mai son ganin kamannin aikin Babban Gwani, akwai kwaikwayonsa da aka gina a gidan adana gine-ginen gargajiya na Jos.

Ganuwar ma haka. A wurare da yawa ta zama tudun ƙasa, a wasu wuraren babu ko alama, gidaje sun hau kai. Me ya jawo? Bari in yi maka bayani yadda magina suke yi.

Ginin ƙasa da tubali ake yin sa, wato curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana. Rufi kuma da azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. A waje a yi yaɓe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. A kan soro a shafa laso, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, don kada ruwa ya ratsa. Sa'an nan a sa indararo ya riƙa zubar da ruwan sama nesa da bango. In ana sabunta waɗannan, ginin ƙasa yakan yi shekaru ɗaruruwa, ga sanyi da bazara, ga ɗumi da hunturu. In aka bari damina biyu ko uku ba gyara, ruwa ya sami hanya, to sai yadda hali ya yi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

A da gyaran ganuwa aikin gayya ne. In damina ta wuce, sarki ya ba da umarni, kowace unguwa da kowane hakimi da sashen da zai gyara, a fito da makaɗa ana aiki ana kiɗa. Da ganuwa ta daina tsare kowa, sai wannan tsari ya mutu, ba a kuma kafa wani a madadinsa ba. Daɗin daɗawa gari ya cika, mutane suna neman fili, masu gini suna ɗibar ƙasar ganuwa suna buga bulo, wasu suna zuba shara a ramin bayanta. Magina na gargajiya su ma suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma aikin siminti. Indiyawa dutse ya rufa musu asiri ko da sun yi sakaci na ɗan lokaci. Mu namu ginin ba ya jiran kowa.

SHAWARARMU

To Malam, ga abin da za mu ce maka, kai da duk mai karanta wannan shafi. Ka kai baƙinka, kada ka ji kunyar abin da kake da shi. Gani ya kori ji. Ka tafi da yaranka ma, domin yaron da bai taɓa tsayawa a Ƙofar Doka an gaya masa abin da take nufi ba, ba zai ji zafi ba ranar da ya ga ana kwasar ƙasar ganuwa a tifa. Malaman makaranta, ku ma wannan magana ta shafe ku. Tafiyar yini ɗaya daga Kawo zuwa Zariya ta fi darasin mako guda a allo.

In kun isa fada, ku yi sallama ga dogarai, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku cire takalma inda aka ce a cire, kada kuma ku ɗauki hoto sai kun nemi izini. A gidajen kayan tarihi ku je ranar aiki, ku nemi ma'aikacin da zai zaga da ku, in an ce a biya kuɗin shiga a biya, da shi ake kula da wurin.

Ku kuma da kuke zaune a gindin ganuwa, ko kuke da tsohon zaure na gado, don Allah a riƙa yaɓe kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo. Masallaci ko makaranta ko zauren da aka ga ya tsage, a sanar da mai unguwa da hukuma tun da wuri, a kira masana su duba. Abin da ya faru a 2023 ya nuna mana ba tarihi kaɗai ake asara ba, har da rayuka. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ita doka ta ɗora wa alhakin tsare irin waɗannan wurare, amma ba za ta iya ita kaɗai ba sai da sarakuna da masu hali da jama'ar unguwa.

Da fatan mai tambaya ya gamsu, Allah kuma ya kawo baƙi lafiya, ya mai da su gida lafiya. A nan za mu dakata a wannan mako. Ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, a rubuta su a gajarce, tambaya ɗaya a kowace wasiƙa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.